Wai Boko Ƙarya Ce?

Duk sanda na zo hutu Matameye, kakana yakan tare ni da tsokana: "Ɗan boko, bana kuma wace ƙarya aka koya muku?" Da can amsata a shirye take: "Haba Kaka, ai boko daga buk na Ingilishi ta fito, littafi kawai ake nufi." Haka muka ji tun muna lakwal, haka muke ta maimaitawa.

Sai da na shiga nazarin harshe na gane tsohon ya fi ni gaskiya. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna boko ba aro ba ce, tamu ce tun fil azal. Ku duba: kuk na Ingilishi, wato mai dafa abinci, kuku ya zama a bakinmu. Da buk muka ara, da buku za mu ce. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma ya kawo boko da ma'anar yaudara da abin da ba na gaske ba. Shi ya sa ake cewa amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin ta gaskiyar, da kuma biri-boko. Ashe kama ce ta ruɗe mu, kama da wane kuwa ba wane ba ce.

Ke nan kakanninmu da gangan suka laƙaba wa karatun Nasara wannan suna, don a ganinsu jabu ne kusa da na allo.

To, tambayar da ta hana ni barci: tunda asalin sunan yaudara ne, karatun ma yaudara ne? Ni dai na ce a'a. Asalin kalma labari ne na abin da mutanen jiya suka ji tsoro. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ƙanwata cikin dare ƴar boko ce, kuma aikinta ba na boko ba ne.

Amma ƴan uwa, kada mu yi saurin wanke kanmu. Wanda ya saci amsa ranar jarrabawa, ko ya sayi takardar shaida alhali kansa fanko, shi ne ke mayar da kalmar gidanta na farko. Amaryar boko ce ya kai wa iyayen da suka sayar da gyaɗa da gero don ya yi karatu.

Bana da Kaka ya sake tambayata, sai na ce: "Kaka, kalmar taku ce, kun yi gaskiya. Mu kuma aikinmu shi ne mu ƙaryata ta." Ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya ba ku iko."