Abin da Na'ura Ba Ta Ƙirga Ba

A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Vermont ta Amurka suka ɗura wa kwamfuta labarai 1,327, ta bi su kalma-kalma tana auna inda daɗi ya hau da inda ya sauka. Sai suka ga yawancinsu siffa shida kacal suke bi. Ɗaya daga ciki ita ce mutum ya faɗi warwas, sannan ya miƙe. Wattpad ma, inda marubutanmu da dama ke zuba littattafansu, da irin wannan lissafi take tsinto labarin da zai karɓu.

Mu mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa ba sai an auna mana faɗuwa ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Mun ga iyayen da suka saba sammakon aiki sun koma zaman inuwa. Rabin farko na labarin a gidajenmu aka yi shi. Rabi na biyu ne muke nema a waya cikin dare, wurin sadaukai da aljanu da takubban sihiri.

Amma kada mu ɗora wa talauci komai. Tun ba a gina masaƙa ko ɗaya ba a Kaduna, Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 ta Zariya da Ruwan Bagaja, Bello Kagara da Ganɗoki. Ƙishin ya girmi rufe masana'antu.

Inda gizo ke saƙar shi ne: idan alƙaluma sun nuna wa marubuci babin da ke hana mu ajiye waya, shin daidai ne ya yi ta dama mana shi kullum? Mai koko ma ya san sukari ke jawo yara, amma mai tausayi ba ya cika shi.

Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya sha yawo, amma magani ya je nema, kuma ya komo gida da shi. Na'ura ta iya ƙirga mu nawa muka tafi da tsawon daɗewarmu a can. Ba ta san da me muka dawo ba: ƙarfin zuciyar fita nema da safe, ko ƙarin barci. Wannan awon yana wuyanmu, mu da ke rubutawa da mu da ke karantawa.