Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Tsakanin Ƙaddara da Alhaki

'Yan'uwa, akwai tambayar da takan taso a majalisunmu duk lokacin da aka zo maganar aure: idan Allah ya riga ya rubuta, me ya kawo gwajin jini? Ni injiniya ne, na saba duba zane kafin a aza tubali, don haka da zanen zan fara.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai dogon zare da ake kira DNA. Siffarsa kamar tsani ce da aka murɗa, kamar yadda Watson da Crick suka bayyana a Ingila a 1953, da taimakon hotunan Rosalind Franklin. Haruffa huɗu ne suka gina matakalansa: A, T, G da C. An naɗe zaren cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kowane ɓangare ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3.

Cikin wannan tarin, harafi ɗaya tak ke haddasa sikila: a kuromosom na 11, T ya maye gurbin A. Wanda ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya shi ne AS. Galibi lafiyarsa ƙalau, har yana da kariya daga tsananin zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Dalilin yawansa a cikinmu ke nan. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne kowane karo. Haihuwar mai sikila bara ba ta tsare jaririn bana.

Abu biyu nake gani a nan. Na farko, babu mai laifi a kan abin da ya gada. Dangin miji da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo zaluntarta suke yi, domin sai da rabin ɗansu yaron ya zama SS.

Na biyu, sani yana ɗora alhaki. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓulla a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Saudiyya ta wajabta gwaji kafin aure tun 2004, ta bar wa masu niyyar auren zaɓi bayan sun ga sakamako.

Zaɓin ne mai nauyi. Ba ni da hurumin haramta wa masoya biyu aure. Sai dai akwai mutum na uku da ba a shawarta ba: yaron da zai kwana yana kukan ciwon ƙashi. A ganina haƙƙinsa ya fi kunyarmu girma. Saboda haka a yi gwajin tun kafin a kai gaisuwar iyaye, tun zukata ba su shaƙu ba. Ɓoye sakamako kuwa cin amana ne, ko da uba ne ya ɓoye don 'yarsa.

Masu sikila da ke cikinmu kuma, darajarsu cikakkiya ce, haƙƙinsu a kanmu kulawa ne. Allah ya ba su lafiya, ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya.