Ƙaddara Ba Ta Wanke Mai Ganganci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan motoci suka yi karo tsakanin Maraɗi da Damagaram, sai a ce ƙaddara ce. Haƙiƙa haka ne, amma ƙaddara ba ta wanke mai ganganci.

A shekarar 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a ƙasar Burunai, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne. Direban da ya yi ɓarna, alhaki na wuyansa, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa, ko wanda aka kaɗe shi ya jawo, ko kuwa laifin wani ne dabam. In biyu suka yi tarayya, kowa ya ɗauki gwargwadon nasa.

Idan rai ya salwanta, Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta wajabta diyya da kaffara. Kaffarar a yau azumi ce, wata 2 a jere. Magada suna iya yafe diyya, amma azumin yana nan.

Kai da ka gani da idonka, faɗi gaskiya gaban jandarmomi, ko da ɗan'uwanka ne mai laifi. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai.

Allah ya tsare mu, amin.