Idan Jiki Bai Warke Ba, Ina Amfanin Gafara?

Karatu: Matiyu 18:21-35; 2 Korantiyawa 12:7-10

Akwai laifin da ake yi wa mutum, bayan kwana biyu ya wuce. Wani ya zage ka a kasuwa, wani ya ci maka bashi, ranka ya ɓaci, amma da safe ka tashi da ƙafafunka ka tafi gona. Akwai kuma laifin da yake zama a cikin jiki. Direba ya yi gudun ganganci ya take yaro, aka yanke masa ƙafa. Ɗan fashi ya harbi magidanci, jikinsa ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Irin wannan mutum ba sai an tuna masa abin da aka yi masa ba. Kowace safiya, lokacin da ake ɗaga shi daga shimfiɗa, laifin yana nan sabo kamar jiya aka yi shi.

To, idan muka buɗe Littafi Mai Tsarki muka ce wa wannan mutum ya gafarta, yana da ikon ya tambaye mu: in na gafarta, ƙafata za ta dawo? In ba za ta dawo ba, ina amfanin gafarar? Tambayar tana da nauyi, bai kamata mu amsa ta da gaggawa ba. Bari mu dubi rayuwar wani da ya zauna da ita shekara 30.

Sunansa Steven McDonald, ɗan sanda ne a birnin New York na ƙasar Amurka, ɗan ɗarikar Katolika. Ranar 12 ga watan Yuli na shekara ta 1986, yana da shekara 29, ya tsayar da waɗansu samari uku a babban lambun shaƙatawa na birnin, wanda ake kira Central Park, yana yi musu tambaya a kan satar kekuna. Sai ɗaya daga cikinsu, yaro ɗan shekara 15, ya zaro bindiga ya harbe shi sau uku. A lokacin bai cika shekara guda da aure ba, matarsa kuwa tana da ciki.

Harbin ya lalata masa laka a wuya. Laka ita ce hanyar da saƙon ƙwaƙwalwa yake bi ya isa gaɓoɓi. Idan ta lalace a ƙasan baya, ƙafafu ne suke mutuwa. Idan kuwa can sama ne a wuya, hannuwa ma sukan mutu, har naman da yake jawo numfashi yakan daina samun saƙo. Haka ya faru da McDonald. Daga wuya zuwa ƙasa ba abin da yake motsi, numfashi ma sai da na'ura. Ciyarwa, wanka, juyawa a kan gado, duka sai an yi masa.

A watan Janairu na 1987 matarsa ta haifi ɗa namiji, wanda uban bai iya ɗauka a hannunsa ba. A watan Maris, ranar da aka yi wa jaririn baftisma a ɗakin sujada na asibiti, matar ta karanta saƙon mijinta a gaban jama'a, cewa ya gafarta wa yaron da ya harbe shi, yana kuma yi masa fatan samun salama da rayuwa mai amfani.

Da tatsuniya ce, da a nan za a ce ya miƙe ya yi tafiya, yaron kuma ya tuba ya zama mai wa'azi. Ba haka aka yi ba. An yanke wa yaron hukunci, aka kai shi gidan kaso. Sun yi musayar wasiƙu, yaron ya kira ta waya ya roƙi gafara, McDonald kuma ya sa rai wata rana za su zaga tare suna yi wa matasa magana. Amma a 1995, kwanaki kaɗan bayan an sake shi, saurayin ya mutu a haɗarin babur. McDonald kuwa ya ci gaba da zama a keken guragu da na'urar numfashi, har ya rasu ranar 10 ga Janairu 2017, yana da shekara 59.

Jiki bai warke ba, burin zagawa tare bai cika ba. Mai lissafin kasuwa zai ce an yi hasara. Amma wannan labari yana taimakonmu mu raba gafara da waɗansu abubuwa uku da muka saba haɗa ta da su.

Na fari, gafara ba kuɗin sayen warkarwa ba ce. Akwai masu koyarwa da suke ce wa majinyaci, “Abin da ya hana ka tashi, riƙo ne a zuciyarka.” Wannan magana tana ɗora wa mai rauni kaya biyu, ga ciwo, ga zargi. Almajirai sun taɓa yin irin wannan tunani a kan mutumin da aka haifa makaho, suna neman zunubin wa ya jawo, Yesu kuwa ya ƙi lissafin nasu gaba ɗaya (Yahaya 9:1-3). Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alkawarin alheri mai isa, da ikon da yake bayyana a cikin rashin ƙarfi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Allah yana warkarwa, muna kuma roƙonsa haka ba fasawa. Amma ba ya sayar da lafiya, kuma wanda ya gafarta ya zauna a keke bai kasa ba.

Na biyu, gafara ba ta soke shari'a. Gafarar McDonald ba ta buɗe ƙofar gidan kaso ba. Da dangin yaron suka nemi ya sa baki a sake shi da wuri, bai yarda ba, ya ce ba shi da sanin da zai shiga wannan magana. A Romawa 12:19 an hana mai bi ɗaukar fansa, an bar sakamako a hannun Allah. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba, a Romawa 13:4, an nuna cewa hukuma baiwar Allah ce domin hukunta mai mugunta. Ayoyin biyu ba sa faɗa da juna. Wanda mota ta take yana iya gafarta wa direba da zuciya ɗaya, ya kuma karɓi kuɗin magani da shari'a ta ba shi. Yana iya ba da shaida a gaban alƙali domin kada direban ya take ɗan wani gobe. Abin da ya ajiye shi ne ƙishin ganin wancan ya sha azaba. Hausawa suna cewa rama cuta ga macuci ibada. Bishara ta ƙi wannan karin magana, domin ramuwa tana da mai ita, kuma ba mu ba ne.

Na uku, gafara ba mantuwa ba ce, ba kuma a gama ta rana ɗaya. McDonald bai ɓoye ba cewa akwai ranakun da fushi yakan dawo masa, da baƙin ciki mai tsanani, har ya taɓa jin da ma ya mutu ya huta. Wannan bai ƙaryata abin da aka karanta ranar baftismar ɗansa ba. Sa'ad da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Ubangiji ya ba shi lissafin da ya wuce a riƙa ƙirgawa. Mun saba ɗauka cewa ana maganar wanda yake ta maimaita laifi ne. Amma mai raunin da ba ya warkewa ya san wata fuskar maganar: laifi ɗaya ne, sai dai yana dawowa kowace safiya, kowace safiya kuma sai an sāke sakinsa. Idan ka gafarta bara, yau kuma ka farka da zafin rai, kada Shaiɗan ya ce maka gafararka ta ƙarya ce. Ka sāke miƙa maganar ga Ubangiji.

To, mene ne ya rage? Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18 ya kira laifi bashi. Bawa ɗaya sarki yana binsa talanti 10,000, shi kuma yana bin ɗan'uwansa bawa dinari 100. Dinari ɗaya lada ne na aikin yini, saboda haka dinari 100 ya fi ladan wata uku. Ubangiji bai ce wannan ba kome ba ne. Bashi ne na gaske, kuma wanda aka naƙasa yana bin bashin da ya fi wannan nesa. Sai dai ga matsalar: wanda ya yi maka raunin ba shi da abin biya. Ko an ɗaure shi shekara 50, ko an sayar da gidansa da gonarsa, ba zai iya mayar maka da ƙafa ba. Wanda ya zauna jiran wannan biya zai ƙare kwanakinsa a ƙofar matsiyaci. Gafara ita ce ka ɗauki takardar bashin ka sa a hannun Allah, wanda shi kaɗai ya san nauyinsa, shi kaɗai kuma yake iya yin shari'ar gaskiya a kansa. Abin da yake ba mu ƙarfin yin haka shi ne tunawa da namu bashin, wanda aka yafe mana a kan gicciye alhali ba mu da abin biya.

A nan amfanin yake. Harsashi ya ƙwace wa McDonald hannuwa da ƙafafu da numfashin kansa. Abu ɗaya bai iya ƙwacewa ba, wato irin mutumin da zai zama, da irin uban da jaririn nan zai tashi ya gani. Da ya riƙe ƙiyayya, da yaron da ya harbe shi ya ci gaba da mulkin gidansa daga cikin gidan kaso, har ma daga kabari. Da ya saki, sai ya zamana mutuwar saurayin a 1995 ba ta rushe kome ba, domin tun farko gafarar ba ta rataya a kan abin da saurayin zai zama ba. Shekarun da suka rage masa ya yi su yana shiga makarantu yana yi wa yara magana. Ya je Ailan ta Arewa da Bosniya da Isra'ila, wuraren da aka zubar da jini, ya yi maganar sulhu. Mutane sun saurare shi domin sun ga abin da maganar ta ci masa. Ɗansa kuma ya girma ya shiga aikin ɗan sanda kamar ubansa.

Ubangijinmu da kansa ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun ƙusoshi suna jikinsa (Luka 23:34). Bayan ya tashi daga matattu, ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshin da na māshin (Yahaya 20:27). Gafara ta cika, nasara ta tabbata, tabon kuwa yana nan. Saboda haka tabon da yake jikinka ba shaida ba ce cewa Allah ya yashe ka.

Akwai magana kuma gare mu da muke da lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mu shiga ɗakin majinyaci kwana uku bayan haɗari muna ce masa ya yi haƙuri ya yafe, don dai mu samu sauƙin zama da shi. McDonald ya yi wajen wata takwas kafin ya furta tasa, wani kuma zai fi haka daɗewa. Abokan Ayuba sun yi daidai sa'ad da suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan (Ayuba 2:13). Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, a nan suka ɓata.

Mu dubi Sarki Dawuda. Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Dawuda bai iya miƙe masa ƙafafu ba. Abin da ya iya shi ya yi: ya sa aka nemo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya sa masu nome masa, ya ba shi wurin zama a teburin sarki kullum (2 Sama'ila 9). Ikkilisiya ma tana iya yin haka. Matasa su nome gonar wanda ya kwanta. Zumuntar mata su karɓi matarsa jinya ko na yini ɗaya, ta samu ta huta. A gyara ƙofar majami'a yadda keke zai shiga. A ba shi aiki cikin sujada, ko karatu ko addu'a ko koyar da yara. Gafara takan fi sauƙin tsiro a zuciyar wanda bai kwana da yunwa ba, wanda kuma 'yan'uwa ba su manta da shi ba.

Kai kuma ɗan'uwana, ke kuma 'yar'uwata, da kuke karanta wannan a kan gado ko ake karanta muku, idan yau ba za ku iya cewa kun gafarta ba, ku faɗa wa Ubangiji gaskiya. Ku ce masa ba ku iya ba tukuna, ku roƙe shi ya ba ku niyyar. Wannan ma addu'a ce, yana kuwa jin ta.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san raunin da bayinka suke ɗauke da shi, ka kuma san waɗanda suka yi musu shi. Ka warkar bisa ga nufinka. Inda ka ga dama a jira, ka ba da alherin da zai isa na yau. Ka karɓi bashin da ba mai iya biyansa, ka yi shari'arka ta gaskiya, ka 'yantar da zukatanmu daga ƙiyayya. Ka koya wa ikkilisiyarka ta zauna kusa da masu rauni. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.