Mai Tafiya Ko Abin Hawa?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, hanyar Gagarawa zuwa Gumel takan cika da ayarin samari a kan babura, kowa da hoton ɗan takara a ƙirji. Ran Alhamis su ratsa kasuwar Maigatari da kirari, da yamma a raba musu kuɗin mai. Da an yi rantsuwa sai ƙungiyar ta watse. Ni ma na taɓa shiga irin wannan ayari, kuma tun ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: matashin da ya ba siyasa ƙarfinsa, shi ne mai tafiyar, ko kuwa shi ne abin hawa?

Tarihin ƙasarmu ya nuna mana duka biyun. A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Manufarsu a fili take: a 'yantar da talaka daga danniyar hukumar En'e, da aikin tilas, da zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji. Reshenta na matasa, Rundunar Samarin Sawaba, ya kai wannan kira lunguna da ƙauyuka, kuma 'ya'yanta da dama sun sha bulala da ɗauri. A 1953 kuma, a birnin nan dai, aka samu Jam'iyyar Mahaukata, wadda aikinta tarwatsa taron 'yan NEPU don kare masu mulki.

Ɓangarorin biyu duk samari ne, galibinsu 'ya'yan talakawa, kuma kowannensu ya san sanda da jifa. Ashe ba zafin jini ne ya bambanta su ba. Bambancin yana cikin amsar da kowa zai bayar in an tambaye shi abin da yake nema. Ɗan Sawaba zai lissafa buƙatu, ɗayan kuwa sai dai ya ambaci sunan ubangidansa. Shi ya sa buƙatun farko suka rayu bayan rushewar NEPU a 1966. Da PRP ta ci tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin masarautar Gumel tana cikinta, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Manomin Gagarawa da makiyayin Sule Tankarkar sun ci moriyar gwagwarmayar samarin da ba su taɓa gani ba.

Wani zai ce wannan hukunci ne na mai ƙoshi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda riɗinsa bai yi albarka ba, ba zai ƙi kuɗin mai ba. Maganar tana da nauyi, kuma kaso mafi tsoka na laifin yana wuyan wanda ya sayi yunwar wani ya mayar da ita makami. Sai dai samarin Sawaba ma ba attajirai ba ne. Akwai teloli da 'yan koli da almajirai a cikinsu. Talauci yana rage zaɓi, amma ba ya shafe shi. Cewa matalauci ba shi da ikon ƙi, ita ma wata hanya ce ta raina shi.

A 2018 an sa hannu kan dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ƙofa ta buɗu, amma doka ba ta haifar da aƙida. Matashin da ya shiga majalisa a aljihun wani bai daina zama abin hawa ba, sirdi kawai aka sake masa.

Ma'aunin da nake gani shi ne: ƙungiyar matasa ta cancanci sunanta ne ranar da za ta iya ce wa ɗan takararta a'a, ta kuma ci gaba da zama bayan zaɓe tana bin maganar taki, da ruwan sha, da gonakin iyayenta. Kafin in sake hawa babur a bayan wani hoto, sai na iya faɗar abin da nake nema ba tare da na ambaci sunan kowa ba.