Ɗana, Ka San Girman Randarka

Ɗana, na ga ka fara rubuta manhaja mai sassa biyu, ɗaya yana kawo bayanai, ɗaya yana karɓa yana sarrafawa, kowa da saurinsa. Madalla. Amma zo mu zauna a kan abin da ka ajiye a tsakaninsu, wanda wasu ke kira layi, wasu bututu. Ni randa nake ce masa: mai ga-ruwa na zubawa, uwargida na ɗiba.

Wannan matsala ta mai zubawa da mai ɗiba ta girme ka. Tun 1965 Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya yi rubutu a kanta, kuma a 1978 Tony Hoare na Ingila ya fito da tsarin da sassan manhaja za su riƙa aika wa juna saƙo, wanda daga baya yaren Go ya yi koyi da shi lokacin da Google ya fitar da shi a 2009. Manya sun sha wuya a nan, don haka kada ka raina wurin.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne randar da ba a faɗi girmanta ba. A Python, in ka buɗe asyncio.Queue ba ka sa masa adadi ba, to ba shi da iyaka. Haka AsyncStream na Swift yake in ka bar shi yadda ya zo. A ce mai zubawa yana kawo saƙo 1,000 a daƙiƙa, mai ɗiba kuwa 800 kawai yake iyawa. Saura 200 ke nan duk daƙiƙa, 720,000 a awa guda, duk suna jibge a ma'adanar kwamfuta. Ranar gwaji lafiya lau za ka gani, domin mutum uku ne ke amfani da manhajar. Sai ranar da jama'a suka yi yawa ma'adana ta cika, Linux ya kashe manhajar, duk abin da ke cikin randa ya bi ruwa, har da saƙon bawan Allah da ya amince maka.

Dubi bututun Unix, wanda ya shigo tun 1973. A Linux yakan ɗauki bayit 65,536 ne, in ya cika sai a dakatar da mai zubawa har mai ɗiba ya rage. Wannan dakatarwa rahama ce. Kai ma ka sa wa randarka iyaka, sannan ka yanke shawara da kanka kan abin da za a yi idan ta cika. In ma'aunin zafi ne ke turo lambobi, zubar da tsofaffin, sabon ake bukata. In kuɗin mutane ne, ko ɗaya kada ya faɗi: a jira, ko a gaya wa mai turowa a fili cewa ba a karɓa ba.

Sai rufewa, wadda matasa ke yawan mantawa. A Go, mai zubawa ne ke rufe bututu. In ka tura saƙo cikin wanda aka rufe, manhajar za ta faɗi nan take. In kuma ba ka rufe ba, mai ɗiba zai yi ta zaman jiran abin da ba zai zo ba, yana riƙe da wurinsa a ma'adana. Idan masu zubawa suna da yawa, ka sa wani sashe ya ƙirga su, sai na ƙarshe ya gama sannan ya rufe, sau ɗaya tak, domin rufewa ta biyu ma faɗuwa take kawowa.