Sa Ko Doki?

Saurayi a Gumel ya tara kuɗin riɗi, yana so ya sayi katin hoto na kwamfuta mai tsada, watau ƙarfen da ke sa hoto ya yi gudu, ya fito sarai. Wannan hikima ce ko almubazzaranci?

Bari mu fara duban farashi. A 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da RTX 5090 a kan dala 1,999. A canjin naira 1,500 kowace dala, kusan naira miliyan 3 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ashe kati ɗaya ya cinye ladan fiye da shekara 3. Kuma yana shan wuta har wat 575, ga tsadar man janareta tun da aka cire tallafi a 2023.

Amma tsada kaɗai ba ta mai da ciniki wauta. Manomi daga Sule Tankarkar ko Gagarawa yakan je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya biya kuɗi mai yawa a kan shanun huɗa. Ba mu ce masa wawa, gama shanun za su yi masa noma, su ja amalanke, a kuma sayar da su da ƙiba. Dokin hawan salla kuwa ado ne. Ba laifi ga mai hali, amma wanda rumbunsa ba gero bai kamata ya ɗaure doki ba.

Haka katin nan. Ga mai haɗa bidiyon biki ko zanen gini, sa ne, in akwai masu kawo aiki. Ga mai wasa kawai, doki ne. Sai dai shi kati ba ya ƙiba: tsufa yake yi, sabo ya fito.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu kwance lalita mu tambayi kanmu. Wata nawa zai mayar da kuɗinsa? Mai araha ba zai yi aikin ba? Kuɗin namu ne, ko na makarantar yara ne, ko bashi? Kada mu saya don maƙwabci ya saya, gama kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Mu ciyar da gida tukuna.